Takardun Baƙuwa

Idan aka ambaci Azawak a Tawa ko a Abalak, ƙasa ce ke faɗo wa mutum a rai: faffaɗan kwarin nan da ya taso daga yammacin duwatsun Abzin ya miƙe har cikin Mali, ƙasar rijiyoyi masu zurfi da jajayen shanu masu nono, waɗanda ake renon irinsu a Tukunus tun zamanin Turawa. Amma a Jamus ko Faransa ko Amurka, in ka dace da wanda ya taɓa jin wannan suna, to kare ya sani. Siririn karen nan ne mai dogayen ƙafafu da shafaffen ciki, wanda mukan gani kwance a inuwar tantin Buzaye, haƙarƙarinsa a fili har ana iya ƙirgawa, mutanenmu su wuce suna cewa yunwa ce ta cinye shi, alhali kuwa halittarsa ke nan. Buzaye na kiran kowane kare idi, amma wannan na asali oska suke ce masa, kuma in ya miƙe bayan barewa yakan yi gudun da ya kai kimanin kilomita 60 a awa guda.

A farkon shekarun 1970 aka fara kai shi Turai, ta hannun wani jami'in jakadancin Yugoslabiya da kuma Faransawan da suka yi aiki a ƙasashen Sahel. Wajen shekara goma bayan haka babbar ƙungiyar masu kiwon karnuka ta duniya, FCI, mai mazauni a Beljiyam, ta karɓe shi a matsayin iri mai zaman kansa, ta ba shi lamba 307, aka kuma danƙa wa Faransa kula da rubutacciyar siffarsa. Amurkawa sai a 2019 suka shigar da shi cikakken rajistarsu. A rubuce yake cewa namiji ya kasance da tsawon santimita 64 zuwa 74 a kafaɗa da nauyin kilo 20 zuwa 25, tamata kuwa santimita 60 zuwa 70 da kilo 15 zuwa 20. Har launin gashi an ƙayyade: ja-ja ko ruwan rairayi, da ɗan fari a ƙirji da ƙafafu da bakin wutsiya. Duk wanda ya yi yawo tsakanin Abalak da Cintabaraden ya san akwai launukan da suka wuce waɗannan, kuma masu su ba su taɓa jin cewa wani kwamiti ya zauna a wani birni mai sanyi ya cire karnukansu daga cikin dangi ba. To amma da yake daga ƴan karnuka kaɗan dukan zuriyar Turai ta fito, auren zumunci ya yi musu yawa, shi ya sa masu kiwonsu a can suke ɗokin sabon jini daga daji kamar yadda manomi ke ɗokin ruwan fari.

Ni malamin lakkol ne, ban taɓa kiwon ko kyanwa ba. Abin da ya haɗa ni da wannan sha'ani yunwar 2005 ce. A lokacin ina koyarwa a Abalak, da aka yi hutu sai na shiga yin tafinta a wata cibiyar ciyar da yaran da tamowa ta kama. A nan na san wata Bafaranshiya ma'aikaciyar jinya, a nan kuma wani dattijo makiyayi, uban wani ɗalibina, ya kawo ƴar autarsa a cikin mayafi, ba ta fi nauyin ɗan akuya ba. Mako biyar matar nan tana kanta. Yarinya ta tashi. Ranar da za su koma daji dattijon ya tsaya a bakin ƙofa ya ce mini da Hausarsa ta Buzaye: "Mushe, gaya mata raƙuma sun mutu, awaki sun mutu, ba ni da abin ba ta yau. Amma ta ga karyata ta yaba. Ranar da Allah ya mayar mini da ƙarfi, ɗiyar karyar nan tata ce." Na fassara, ta yi murmushi ta yi godiya, ta koma ƙasarsu a ƙarshen shekara. Ni da ita duka mun ɗauka magana ce irin ta ban kwana.

A watan Fabrairu na 2013, ina Tawa, sai ga ɗalibin nan nawa, ya zama magidanci, ya kawo saƙo: jikanyar waccan karya ta haihu cikin sanyi, Baba ya ware tamata guda, ya ce a sanar da mai ita ta zo ta ɗauka. Zuwa kuwa ba ya yiwuwa. Tun da aka sace mutum bakwai a Arlit a Satumban 2010, aka kuma ɗauke samari biyu Faransawa daga wani gidan abinci a tsakiyar Yamai a Janairun 2011, arewacin Tawa ya haramta ga duk mai farar fata, ga kuma yaƙin Mali da ya ƙara ƙamari a watan Janairun wannan shekara ta 2013. Na rubuta mata. Amsarta ta zo kashegari, rabinta murna, rabinta jerin sharuɗɗa, kuma a ƙarshe ta roƙe ni in tambayi dattijon ko nawa za ta biya.

Na je Abalak ranar kasuwa a cikin Maris, na isar da tambayar. Ya gyara rawaninsa ya ɗaga shi har bisa hanci, wanda duk mai zama da Buzaye ya san ma'anarsa. Ya ce: "Mushe, kai ma da kake da karatu? Ana saida raƙumi, ana saida takobi in wuya ta yi wuya. Wannan ba a saida ta." Sa'an nan ya buɗe wata jakar fata ya fiddo kwikwiya ja mai fararen ƙafafu, kunnuwa a kwance, tana rawar jiki, ya ɗora mini a hannu. Daga baya na lura da wani dace mai ban mamaki. Malamanmu na mazhabar Maliku sun daɗe suna karantar da hanin sayar da kare, har Risala ta ambaci saɓanin da aka yi game da wanda aka yi izinin riƙewa don farauta ko gadi. Dokar Tarayyar Turai ta wancan lokaci ita ma, ta tata hanyar, ta yarda dabbar gida ta shiga tare da mai ita ko wani wakilinsa, bisa sharaɗin ba sayar da ita za a yi ba, ba kuma za ta sake hannu ba. Watau kyautar da aka yi alkawarinta tun 2005 ita ce ta buɗe hanya: tun daga takarda ta farko sunan ma'aikaciyar jinyar aka rubuta a gurbin mai dabba, ni mai riƙo ne kawai.

Riƙon ne bai zo da sauƙi ba. Da na shigo gida da ita uwargida ta dube ni ta dubi hannuna ta ce: "Malam, a rasa abin da za ka kawo mana tsaraba sai kare? A gidan da ake salla?" Maƙwabta suka samu abin taɗi. Mu Hausawa zamanmu da kare zaman doya da manja ne. Muna son ya yi mana gadi, mafarautanmu na alfahari da nasu, mun ce karen bana shi ke maganin zomon bana, amma sunansa shi ne zagi mafi kusa da bakinmu, kuma yaro ba ya ganinsa bai nemi dutse ba. Limamin unguwarmu ne ya raba gardama, cikin raha. Ya tuna wa uwargida cewa a mazhabarmu jikin kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwaryar da ya sa baki sau bakwai bin umurni ne, kuma kyautata wa abin da aka ba ka amana ba ya cikin abubuwan da ake saɓani a kansu. Aka yi sulhu: za ta zauna a bayan gida wajen turken tumaki, da kwanonta daban, ba za ta taka tabarma ba. Yara suka raɗa mata suna Baƙuwa, tunda an ce musu ba zama ta zo yi ba.

Yanzu ga sharuɗɗan, don amfanin wanda wata rana irin wannan aiki zai faɗo wa. Tushensu duka ciwo guda ne, haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, kusan dukansu a Afirka da Asiya, kusan dukansu ta hanyar cizon kare, kuma yara ƴan ƙasa da shekara 15 su ne kimanin kashi 40 cikin ɗari. In alamunsa suka bayyana a jikin mutum, sai dai a yi haƙuri. Faransa, ƙasar da Pasteur ya fara yi wa ɗan Adam allurar wannan ciwo a 1885, ta samu shaidar rabuwa da shi a 2001. A 2004 wani ya shigo da kwikwiyo a ɓoye cikin mota daga Maroko ta Sipaniya zuwa Bordo, ashe yana ɗauke da ciwon, aka shiga neman duk wanda ya taɓa shi a wuraren bukukuwan da aka kai shi. Wanda ya san wannan labari ba zai ga tsananin dokarsu a matsayin wulaƙanci ba. Ni dai ban gan shi haka ba. Na taɓa ganin yaron da mahaukacin kare ya ciza a wani ƙauye, na ga yadda yake firgita in an miƙo masa ruwa.

Sharaɗi na farko, a sa wa dabba wata ƴar na'ura mai girman ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fatar wuya, mai ɗauke da lamba 15 da ake karantawa da wani ɗan inji. Wannan ita ce katin shaidarta, kuma dole ta riga allura, domin allurar da aka yi wa karen da ba shi da lamba ba a san wa aka yi wa ba. Na biyu, allurar haukan kare, wadda ba a yi sai kwikwiyo ya cika wata uku. Na uku, bayan kwana 30 a ɗebi jini, a aika ruwansa zuwa ɗakin binciken da Tarayyar Turai ta amince da shi, a auna ko allurar ta kama: in ma'aunin bai kai 0.5 ba, a koma farko. Na huɗu, daga ranar ɗibar jinin a ƙirga wata uku cur kafin tafiya, don in da ciwon na ɓoye a jiki ya samu lokacin fitowa. Na ƙarshe, takardar lafiya daga likitan dabbobi na gwamnati, wadda ranta kwana goma ne kacal. In mai karatu ya haɗa lissafi zai ga ba yadda za a yi kwikwiyon Nijar ya taka ƙasar Turai bai kai wata bakwai ba. An ba ni abin da ke shiga jakar fata, amma abin da zan aika sai ya kusa kai mini cinya.

Na'urar da allurar a Yamai aka yi su cikin Afrilu, jini kuma a watan Mayu, ƴan kwanaki kafin hare-haren Agadas da Arlit na 23 ga wata. Kowace tafiya kilomita wajen 550 ce ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, a bayan motar wani aboki ɗan kasuwa, domin motocin fasinja ba su yarda ba, kuma ban ga laifinsu ba. A wani shingen jami'an tsaro wani ya leƙa ya ce ya saba ganin karen mota, amma yau ya ga kare a mota yana da malamin lakkol ɗan rakiya. Likitan dabbobin da ya cika takardun ya tambayi sunanta, na faɗa, ya buga a injinsa wanda ba shi da ƙa mai lanƙwasa, ta zama Bakuwa. Ban yi gardama ba, sai dai na yi hamdala da ba da Hausa ake rubuta jinsinta ba: mu da muke fama da ɗalibai a kan bambancin karya da ƙarya mun san abin da ƴar ƙugiyar nan ke iya jawowa. Ruwan jinin ya tafi Faransa cikin ƙanƙara a jakar wani matafiyi, sakamako ya dawo bayan mako uku, ya wuce ma'auni.

Watannin jiran nan su ne abin da ban yi tanadinsu a zuciya ba. Oska ba ya fara'a da kowa. Ba ya kaɗa wa baƙo wutsiya, ba ya roƙon abinci, in ka kira shi yakan dube ka tukuna kamar mai auna ko kiran ya cancanci amsa. Amma in ya zaɓi mutum, ya zaɓa ke nan. Baƙuwa ƴar autata ta zaɓa, yarinya mai shekara tara, wadda ke dama mata fura da nono kamar yadda dattijon ya ce a yi. Da yamma mukan fita da ita bayan gari wajen dagar rairayi mu sake ta, sai ka ga kamar ƙafafunta ba su taɓa ƙasa, ta yi nisa har ta zama ɗigo, ta karkato ta dawo ta tsaya gaban yarinyar ba ko haki. Uwargida da ta ce ba za ta taka tabarma ba, ita na tarar wata rana da asuba tana lulluɓa mata tsohon zane saboda ruwan sama ya kawo sanyi. Ta ce don kada amanar mutane ta yi mura ne. Ban ce komi ba.

Sai batun akwati. Ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, tana da littafi guda a kan ɗaukar dabbobi masu rai, kuma shi kowane kamfani ke bi. Akwatin ya zama mai ƙarfi, na roba mai tauri, da ƙofar ƙarfe mai kulle da ba ta buɗuwa daga ciki, da kafofin iska a gefuna. Dabba ta iya tsayuwa ba kanta ya taɓa rufi ba, ta iya juyawa, ta iya kwanciya ta miƙe. Kwanon ruwa a maƙale a ƙofa yadda za a iya zubawa daga waje. Ga kare mai ƙafafu irin na Baƙuwa, wannan na nufin akwatin da ya kusa kai ƙaramin firji. Mai ita ta aiko da shi ta hannun wasu ma'aikatan agaji, wata guda kafin tafiya, da gargaɗin a saba mata da shi. Dabbar da aka haifa inda ido ba ya cin karo da bango, ita za a koya wa kwana a cikin akwati. Muka cire ƙofar, muka riƙa sa abincinta a ciki, yarinyar ta riƙa shiga tana zama tare da ita, uwargida na salati. Mako biyu sai ga shi ita da kanta take shiga in rana ta yi zafi. A lokacin kuma muka fara gauraya furarta da busasshen abincin nan na buhu da za ta tarar a can, kaɗan-kaɗan, don kada sauyin ya ɓata mata ciki.

Saura wakili. Ɗan ƙanwata ya samu gurbin karatun lissafi a wata jami'a ta Faransa, zai tafi a Satumba. Da na gaya masa ya yi shiru, sa'an nan ya ce: "Kawu, duk ƴan ajinmu za a raka su filin jirgi da kilishi da yaji, ni da kare?" Ya yarda dai, don ba a musu da kawu. Nasa takardun su ma suna tafe a nasu layi: shaidar gurbi, shaidar kuɗin da zai ci a shekara, shaidar wurin kwana, ganawa, jira. Takardun Baƙuwa sun kammala tun tsakiyar Agusta, nasa kuwa sai saura kwana shida jirgi ya tashi bizar ta fito, ya rame kamar shi ne oskan. Ya ce mini: "Kawu, ita ce matafiyar, ni ɗan rakiya ne." Na haɗa abin da mai ita ta kashe, da na'ura da allura da awon jini da akwati da kuɗin jirgi da man mota, na ga ya wuce albashina na wata uku.

Jirgin Faris a lokacin da tsakar dare yake tashi daga filin Diori Hamani, kuma wannan rahama ce, domin abin da ya fi kashe dabba a irin wannan tafiya shi ne zafin jira a kan kwalta kafin a loda ta. Dabbar da ta wuce kilo 8 ba ta zama tare da fasinja, ƙasan jirgi take shiga, a wani sashe mai iska da ɗumi kamar na mutane, kuma ana sanar da matuƙi a rubuce cewa yana ɗauke da mai rai. A can sama, wajen mita 11,000, sanyin waje yana kai awo 50 ƙasa da sifiri, ga dabbar da ba ta da kitse ba ta da gashin kirki. Wani ya ba ni shawarar in ba ta maganin barci. Likitan dabbobi ya hana, ya ce maganin na saukar da ƙarfin jini, sama kuma na ƙara saukar da shi, sa'an nan karnuka marasa kitse irin wannan ba su jure shi kamar sauran, kuma dabbar da ta bugu ba ta iya tokare jikinta in jirgi ya girgiza. Abin da muka yi shi ne muka ba ta abinci kaɗan tun da rana, muka zagaya da ita har ta gaji ta kama ruwa, muka daskarar da ruwan kwanonta don kada ya zube wajen lodi, ya riƙa narkewa a hankali. A ƙasan akwatin muka shimfiɗa tsohon zanen uwargida, da wani ɗankwalin yarinyar da ta cusa mini a aljihu a Tawa ba ta ce komi ba.

Aka auna, aka duba takardu, aka goga injin a wuyanta lambar ta fito daidai, aka manna koriyar takardar da ke nuna dabba ce mai rai da kibiyoyin da ke nuna sama. Masu dako biyu suka ɗora akwatin a kan amalanke. Ba ta yi haushi ba, ba ta yi kuka ba. Ta tsaya a tsaye cikin akwatin tana kallona ta tsakanin ƙarafa har suka sha kwana. Awa biyar da rabi tsakanin Yamai da Faris, kilomita wajen 3,900, mafi yawansu hamada. Da hantsi ɗan ƙanwata ya kira: ƴan duwan sun karanta lamba, sun duba takardu, sun sake su cikin minti kaɗan. Mai ita na jira a waje. Ta durƙusa ta buɗe ƙofa, Baƙuwa ta ƙi fitowa, sai da yaron ya yi mata magana da Hausa.

A ƙarshen Oktoba na wannan shekara, mako shida bayan tafiyar, aka tsinci gawarwaki 92 a arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya: yara 52, mata 33, maza 7, galibinsu mutanen Kance ta jihar Damagaram. Motocinsu biyu ne suka lalace a hanyar Tamanraset, ƙishirwa ta gama da su. Gwamnati ta sa zaman makoki na kwana uku. Ina da kwafin takardun Baƙuwa a cikin wata jakar leda a ɗakina, har da wadda ke cewa an tanadar mata ruwan sha na tafiyar awa biyar da rabi bisa wannan hamada. Na fiddo su a daren da rediyo ya faɗi adadin, na duba, na mayar. Ba na cikin masu cewa da an hana kare ruwa da ya isa ga yaran Kance, domin lissafin ba haka yake tafiya ba, kuma ita matar da ta biya kuɗin ruwan nan ta yi wata da watanni tana ɗura wa ƴaƴanmu madara da cokali. Amma mako guda ban iya koyar da darasin taswirar Sahara ba, na ba ɗalibai aikin rubutu.

Hanyar da Baƙuwa ta bi ta sauya. Daga ƙarshen 2014 dokar Turai ta ƙara sharaɗin cewa tafiyar dabba da ta mai ita kada su yi nisan da ya wuce kwana biyar, abin da da ya hana irin namu shiri. A Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, kamfanin Air France ya dakatar da zuwa Yamai. Amurka kuma daga 1 ga Agustan 2024 ta daina karɓar duk karen da bai kai wata shida ba, daga ko'ina ya fito. Ɗan ƙanwata ya gama karatu ya dawo, yana koyarwa a Maraɗi. Ƴar autata ta daina tambaya bayan shekara guda, amma har ta yi aure ba ta yarda a jefi kare a gabanta ba.

Hotuna sun riƙa zuwa. Baƙuwa cikin rigar ulu a kan dusar ƙanƙara, Baƙuwa bisa kujerar falo, Baƙuwa da ƴaƴa shida da ta haifa wa wani oska haifaffen Jamus. A 2016 na kai wa dattijon su a waya, ranar kasuwar Abalak. Ya daɗe yana kallon na rigar. Ƴar autarsa, waccan ta cikin mayafi, tana tsaye bayansa, budurwa, tana dariya a ɓoye. Ya ce: "Mushe, ta yi ƙiba kaɗan. Me ta kama tun da ta je?" Na yi masa bayani cewa a Faransa doka ta hana farauta da irin waɗannan karnuka tun 1844, sai dai ana kai su wani fili ranar Lahadi, a ɗaura leda a igiya, inji ya ja, su bi, a ba wanda ya fi kyan gudu lambar yabo, kuma Baƙuwa ta ci sau biyu. Ya ce: "Leda." Na ce leda. Ya juya ya faɗa wa mutanensa da Tamajak, suka yi ta maimaita kalmar. Can ya ce in rubuta mata cewa ya gode da riƙo, kuma ta riƙa ba ta nono mai tsami in ta samu, yana gyara musu ƙafa.

Tun bayan kashe-kashen Tiliya na Maris 2021 mutanensa suka bar rijiyoyin da na san su a kai, lambar ɗansa kuma ta daina shiga. Baƙuwa ta mutu a 2025, tana da shekara goma sha biyu, mai ita ta rubuto ta roƙe ni in sanar da shi. Na je Abalak na ba da saƙon ga wani mai raƙumi da ya ce ya san inda suka kafa tanti a wannan shekara.